Hotuna Biyu a Falon Umma

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya shimfiɗa ruwa, Ya kuma ba ido ikon ganinsa.

Na san shekaruna ba su kai na masu zama su rubuta tarihin rayuwarsu ba. Ke Fadila 'yata, a yau da nake wannan rubutu ko magana ba ki gama iyawa ba, ƙannenki kuwa Allah kaɗai Ya san su. Abin da ya sa na yi gaggawa shi ne akwai hotuna biyu rataye a falon kakarku Umma a Kano, kuma na ji da kunnena ana ba da labarinsu ta hanyoyi dabam-dabam, babu wadda ta fito daidai. Ɗaya hoton teku ne shuɗi ƙwarai, da rana, da bishiyoyin kwakwa a gefe. Ɗayan kuwa kusan fari ne fat, sai ɗan jan abu a gefen dama, a ƙarƙashinsa wani mutum kamar inuwa. Na biyun ni na ɗauka. Na farkon ma ni na ɗauka, sai dai ba haka na ɗauke shi ba. Zan faɗa muku yadda aka yi. Inda na tabbatar zan faɗa kai tsaye, inda kuma nake kokwanto zan ce ina kokwanto.

Sai kun fara sanin halin kakanku Abba a shagonsa na yadi da ke Kantin Kwari. Tun ina ƙarami ban taɓa ganin ya sallama wa mutum shadda ko atamfa a ƙarƙashin ƙwan lantarki ba. Ko mai saye ya ce ya gamsu, ko yana sauri zai bi mota, sai Abba ya saɓa yadin a kafaɗa, ya fita da shi bakin ƙofa, ya warware shi a hasken rana, ya ce a sake dubawa. Cikin shago kore yakan koma shuɗi, ruwan toka ya yi kamar fari, kuma Abba ba ya son a je gida a buɗe kaya a ga wata kala dabam. Maƙwabtansa sukan tsokane shi cewa yana korar ciniki da hannunsa. Abin da yake cewa kullum bai wuce kalma biyar ba: a fito da shi rana. A cikin wannan na girma, kuma ina jin daga nan na ɗauko tsoron da nake yi har yau na faɗin abin da ba haka yake ba.

Saboda yadin ne aka turo ni birnin Guangzhou na ƙasar Sin karatun sarrafa zare da rini. Shirin a bayyane yake tun ranar da na bar gida: in na gama, in zauna tare da Baffa Sabo, ƙanin Abba, wanda ya daɗe da ofis a ginin 'yan kasuwa na Tianxiu yana saya wa mutanen Kano kaya yana loda musu kwantena. Ni zan riƙa shiga masana'antu ina duba ingancin kaya kafin a biya. Tun ina shekarar farko Baffa ya sa ni ɗaukar hoton samfur don tura wa 'yan kasuwa a gida, ya kuma saya mini kyamara mai kyau saboda haka. Ya yi nadama daga baya, domin samfur ɗaya sai in ɓata rabin yini a kansa, ina kai shi bakin taga ina dawo da shi, har sai jan da ke cikin hoto ya zama jan da ke hannuna.

"Injiniya," in ji Baffa, haka yake kirana tun kafin in cancanta, "mutumin nan fa hoton leshi ya ce a tura masa, ba fasfo zai yi wa leshin ba."

Nansha na can ƙarshen birnin ta kudu, inda kogin da ya ratsa Guangzhou yake buɗewa ya haɗu da teku. Ya kamata in faɗa tun yanzu cewa ba teku ba ce sosai, bakin teku ne, ruwan kuma ba shuɗi ba ne, yana tsakanin ruwan toka da ruwan ƙasa. Saƙon Baffa ne ya fara kai ni can, kan wata kwantena da ta maƙale a tashar jiragen ruwa. Da na gama da wuri sai na bi gaɓar ruwa da ƙafa. Lokacin ƙarshen sanyi ne, lokacin da iska mai laima take tasowa daga kudu, bangon ɗaki ya riƙa zufa, wanki ya ƙi bushewa. Hazo ya rufe ruwan gaba ɗaya, irin hazon da ke jiƙa wa mutum riga ba tare da an yi ruwa ba. Ina tsaye ba na ganin komai, sai iska ta ɗan motsa, sai ga wani mutum ya fito daga cikin farin nan a tsaye kan wani allo, yana riƙe da filafili, wato babban ƙyallen da iska ke turawa, ya yanka ruwa a gabana ba ƙarar inji, ya sake ɓacewa. Ni da na fito daga garin da babban ruwansa dam ne, na tsaya a wurin har la'asar ta kusa kuɓuce mini.

A gaɓar nan na haɗu da wani dattijo ɗan ƙasar mai ɗaukar hoto, wanda kowa ke kira Lao Chen, wato tsoho Chen. Shi ke ɗaukar hotunan wata ƙungiya ta masu tseren kwale-kwale masu filafili da masu hawan allon iska, yana kuma sayar wa mujallu hotunan gaɓar teku. Da ya ga ina zuwa duk ƙarshen mako, ya kuma ji ina jin yarensu, sai ya nemi ganin abin da nake ɗauka. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce:

"Kana ɗaukar jirgi kamar wanda zai sayar da shi. Komai ya fito, har igiya. To ina iskar?"

Daga gare shi na koyi cewa a cikin hazo mai kauri ba mai shiga ruwa, don hatsari ne, in kuma rana ta buɗe sarai hoton ya zama na kowa. Aikin yana tsakanin biyun, a ɗan lokacin da iska ta fara tashi, hazo ya fara yagewa, masu allo suka fara fita. Sai mutum ya kafa kyamara tun da safe, ya rufe ta da leda saboda laima, ya zauna ya jira. Wani lokaci a jira a tashi ba a samu komai ba. A shekarata ta ƙarshe a jami'a, a farkon lokacin hazo, na samu hoton nan mai jan filafili. Lao Chen ya dube shi bai ce ya yi kyau ba, domin ba ya faɗin haka, sai ya ce gwiwoyinsa sun gaji da hawa ƙaramin jirgin da ke bin 'yan tsere, yana neman wanda zai yi aiki tare da shi na shekara guda bayan na gama karatu, in ina so. Ya ce ƙungiyar za ta yi mini takardun zama, amma yana son amsa kafin lokacin tsere ya kama.

Ina so. Amma ba ni da ikon cewa to sai da izinin Abba, kuma ban taɓa tunanin yi ba tare da shi ba. Na kira shi na yi masa bayani.

"Habibu, hoton ruwa?"

"Na jiragen ruwa, Abba, da na gaɓa."

"Mutane su biya kuɗi don su ga ruwa. To. Ni ba na yanke hukunci kan kayan da ban gani ba. Turo mini wanda ka fi ji da shi. Amma kada a nuna mini a waya, waya ba ta da gaskiya wajen kala. A wanke shi babba, a kawo mini in riƙe."

Sai na tura wa Yaya Hadiza, babbar yayata, na ce ta kai a wanke. Abin da ban yi ba shi ne in ce kada a taɓa shi, domin bai zo mini a rai ba cewa akwai buƙatar faɗa. Ta kai wa mai shagon hoton unguwarmu, mutumin kirki wanda shi ya ɗauki hoton sunana da na auren ita Yaya Hadizar. A sana'arsa, in aka kawo hoto ya dushe, gyara shi ake yi kafin a miƙa wa mai shi. Amarya a goge mata ƙuraje, wanda aka ɗauka a gaban katanga a sa masa lambu a baya. Ba ha'inci ba ne a wurinsa, ladabin aiki ne, kuma rashin yin sa raini ne ga mai kaya. Da ya buɗe hotona ya ga fari, sai tausayina ya kama shi. Yaya Hadiza ta ce mini cewa ya yi, yaron nan yana ƙasar mutane, ga shi kyamararsa ta lalace, kada a kai wa Alhaji wannan a kunyata shi. Ban ji da kunnena ba, amma na yarda da ita. Ya zauna ya cire hazon kakaf, ya zuba shuɗin sama da shuɗin ruwa, ya fito da rana, ya dasa kwakwa a gefe, ya ƙara tsuntsaye. Jan filafilin kaɗai ya bari, shi ma ya ƙara masa ja. Bai karɓi ladan gyaran ba.

Bayan 'yan kwanaki Abba ya kira ni da kansa, abin da ba ya cika yi ba. Muryarsa a sake take. Ya ce ya ga hoto, ya ce wannan sana'a ce, ya ce ya ba ni shekara guda, Allah Ya yi albarka. Na yi sujada a ɗakina na makaranta. Na yi mamaki ƙwarai cewa Abba, mai son kala ta fito ta tsaya, ya fahimci hoton hazo da kallo ɗaya, har na ji kunyar yadda na raina idonsa. Washegari na gaya wa Lao Chen na amince.

A ranar wata Asabar ne Yaya Hadiza ta kira ni ta bidiyo daga shago, tana dariya, ta ce in ga inda aka kai ni. Ta juya wayar. Ga hoto a cikin firam mai ruwan zinariya, an rataye shi sama da bandir-bandir na shadda, inda duk mai shigowa zai gani. Na ce ta matsa kusa. Na daɗe ina kallon kwakwar nan. Akwai irinta a wasu lambuna na Nansha, kada in yi ƙarya, amma ba a inda na tsaya ba.

"Yaya, wannan hoton wa?"

"Naka mana. Ka ga yadda ya fito? Duk layin nan an zo an gani. Abba har shayi yake saya wa masu kallo."

Na ce mata zan sake kira. Na ɗauki jakata na tafi Tianxiu wurin Baffa, domin ba ni da wani babba a kusa. Na same shi yana cin shinkafa a kan kwalin samfur, waya a kunne, yana faɗa wa wani mai masana'anta "meyo, meyo, lawban," wato babu, babu, maigida. Da ya gama na nuna masa hotunan biyu. Ya yi dariya har ya ƙware. Ku tuna, Baffa shi ne wanda tafiyata za ta fi cutarwa, domin ya shekara huɗu yana jiran mai duba masa kaya. Duk da haka ga abin da ya ce:

"Ka yi shiru da bakinka. Ka roƙa, an ba ka. Kai ka sa kwakwar? Ba kai ka sa ba. Abbanka yana murna, Ummarku tana murna, mai hoto ya samu lada. Wa aka cuta?"

"Baffa, ba a kan aikina ya ba da izini ba."

"Jirgin naka ne ko ba naka ba?"

"Nawa ne."

"To sauran ai ado ne. Injiniya, wannan tsantsenin naka wata rana zai hana ka cin abinci, sai ka auna gishirin."

Na so in bi maganarsa, kuma na yi kwanaki ina gwadawa. Amma duk sanda na rufe ido sai in ga Abba yana nuna wa abokansa ruwan da babu shi, yana cewa ɗana ya tsaya a nan. Mutumin da bai taɓa barin baƙo ya tafi da yadi bai ga kalarsa ta gaskiya ba, shi ne aka sayar wa kaya a ƙarƙashin ƙwan lantarki, kuma da sunana. Na kuma san cewa duk hoton da zan turo bayan wannan zai zama ko dai ƙarya ta biyu, ko kuma abin da zai tona ta farko. Sai na sa Yaya Hadiza ta kai ainihin hotona wani shagon a cikin gari a wanke, na rubuta mata cewa kada a ƙara kada a rage, ta kai wa Abba, sannan na kira shi bayan ya dawo daga masallaci da safe.

Na yi masa bayani tun daga farko. Na ce laifin ba na Yaya ba ne, ba kuma na mai hoto ba, ni ne ban faɗa ba. Ina jin ƙarar takarda yana juya ta.

"Wannan shi ne naka?"

"Shi ne, Abba."

"Habibu, wannan ai farin akoko ne aka ɗiga wa jan alli. Ina ruwan? Ina saman?"

"Suna nan, Abba. Haka wurin yake a lokacin."

Da ya sake magana, muryar shago ce, wadda yake yi wa dillalai.

"Ka kyauta da ka faɗa. Amma ka san ba a kan wannan na yi magana ba. In aka nuna mini samfur na ce a kawo, aka buɗe dila aka ga wani abu dabam, babu ciniki. Na janye maganata. Ka gama karatunka ka koma wurin Baffanka."

Ban yi gardama ba, na ce to. Daga baya na ji cewa a ranar ya sauke hoton daga shago da hannunsa, ya bi maƙwabtan da ya saya wa shayi ɗaya bayan ɗaya ya gaya musu abin da ya faru. Wasu sun yi masa dariya, har aka daɗe ana tambayarsa ko kwakwar ta nuna. Wannan shi ne abin da ya fi yi mini ciwo a duk lamarin, kuma har yau ban daina jin sa ba. Yaya Hadiza ta yi fushi da ni na wani lokaci, tana ganin na mayar da ita wadda ba ta iya aike ba. Umma kuwa ta karɓi shuɗin hoton ta rataye a falonta, ta ce ita dai ya yi mata kyau, kuma ba ta ga wanda zai sauke shi ba. Na je na gaya wa Lao Chen cewa amsata ta canja. Ya ce a garinsu ma uba uba ne, ya ce zai ɗan jira kafin ya nemi wani, amma ba da yawa ba.

Ban san tabbas abin da ya kawo Abba Guangzhou a wannan shekara ba. Ya daɗe da barin tafiyar ga Baffa saboda ciwon baya. Shi ya ce ya zo ganin sababbin kaya ne, Umma ta ce ita ta tura shi, Baffa ya ce shi ya kira shi don ya gaji da ganin fuskata kamar ta mai zaman makoki. Mai yiwuwa duka ukun gaskiya ne. Ya sauka a wani masauki a titin Liuhua Lu, muka yi ta zagaya Baima da sauran kasuwanni ina yi masa tafinta, yana fitar da yadin mutane bakin ƙofa suna bin sa da kallo. Bai ambaci hoto ba, ni ma ban ambata ba. Sai da muke cin tuwo a wani gidan abinci na mutanenmu a unguwar Xiaobei ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Wurin nan naka, yana da nisa?"

"Ƙarshen layin jirgin ƙasa ne, Abba."

"Na zo da takardar hoton. Ina so in gan ta a inda aka yanko ta."

Lokacin hazo ya kusa wucewa, kuma tun da ya sauka rana ake yi tas. Duk wanda ke birnin yana murna wanki ya fara bushewa, ni kaɗai nake roƙon Allah Ya dawo da laima. Na san in na kai shi a rana zai ga ruwa mai launin ƙasa da manyan injinan loda kaya a nesa, ba zai ga shuɗin hoton ba, ba zai ga nawa ba. Ana saura kaɗan ya koma, na tashi sallar asuba na shafa bangon ɗakina na ji shi a jiƙe.

Mu uku muka tafi, da Baffa, wanda ya ce ba za a yi wannan kallo ba shi ba. Da muka isa gaɓa, ko ƙarfen da aka kafa a bakin ruwa da ƙyar ake gani. Lao Chen yana nan a kan 'yar kujerarsa, ya tashi ya ba Abba ita, suka gaisa da hannu da kai, ya zuba masa shayi daga gorarsa. Muka zauna. Hular Abba ta jiƙe, babbar rigarsa ta yi nauyi. Masu allo suna zaune a kan yashi sun shimfiɗe filafilansu, suna jiran iska kamar yadda muke jira.

"Yaya," in ji Baffa, "ka ga teku ko? Meyo teku. Da mun zauna a Tianxiu mun kalli bango, ai duk ɗaya ne, ga shi ba kuɗin mota."

"Sabo, rufe mana baki."

Azahar ta yi muka yi salla a kan dardumar da ta sha laima. Ni dai zuciyata ta gama karaya, domin na san ranakun da hazo ke wuni bai motsa ba. Ina naɗe darduma na ji iska ta taɓa mini wuya. Lao Chen ya cire ledar da ke kan kyamararsa. Masu allo suka miƙe, suka ja kayansu zuwa ruwa, farin ya haɗiye su ɗaya bayan ɗaya. Can sai hazon ya yage ta gefen dama, ruwa ya bayyana kamar an goge tire, sai ga filafili ya fito shi kaɗai, mutum a ƙarƙashinsa ya kwanta da baya yana jan iska. Ba ja ba ne irin na hotona, ruwan lemo ne, kada in ƙara. Ya wuce mu shiru, sai ɗan sautin ruwa a ƙarƙashin allo. Bayansa wasu kwale-kwale biyu masu fararen filafilai suka biyo, sai ka ce a sama suke tafiya, domin ba a ganin inda ruwa ya ƙare.

Ban ɗauki hoto ko ɗaya ba a ranar. Abba nake kallo. Ya miƙe a hankali saboda bayansa, ya buɗe jakarsa, ya zaro hotona daga cikin ambulan, ya taka har bakin ƙarfen. Ya miƙa hannu da takardar kamar yadda yake miƙa yadi a ƙofar shago, ya dubi takarda, ya dubi ruwa, ya karkata ta, ya sake duba. Ya daɗe a haka har gefen takardar ya fara lanƙwashewa don laima.

"Ashe farin ba ɗaya ba ne," in ji shi. "Na sama dabam, na ruwa dabam. Akwai ɗan kore a na ƙasan."

"Akwai, Abba."

"Ga shi kuwa a takardar. Ni ban gan shi ba a Kano." Ya mayar da hoton cikin ambulan. "Kala ta yi daidai da samfur. Ba ka ƙara ba, ba ka rage ba. Shekara guda na ce, ko? To tana nan. Allah Ya sa albarka."

Na durƙusa a kan jiƙaƙƙen siminti na yi godiya. Baffa ya ce shi ke nan, an yi masa fashin injiniya da rana tsaka, kuma ranar ma babu. Abba kuwa ya riga ya wuce wurin wata matashiya da ta fito daga ruwa tana jan allonta. Ya kama gefen filafilinta yana murzawa tsakanin yatsu biyu, yana ja, yana duba ɗinkin.

"Habibu, zo ka tambaye ta, wannan wane irin yadi ne? Ba ya shan ruwa. A ina ake saƙa shi?"

Shekarar nan guda ta zama sana'ar da nake ci da ku da ita a yau, da izinin da Abba ya riƙa sabuntawa. Ba ta zo kyauta ba. Baffa ya ɗauki wani mai duba kaya, kuma ko da yake bai taɓa yi mini gori ba, na san na bar shi da nauyin da aka yi niyyar in sauke masa, shi ya sa har yau in samfur mai wuyar kala ya zo, nakan bar abin da nake yi in je in ɗauka masa. Mai shagon hoton unguwarmu na je na gaishe shi da na koma gida, na gode masa, domin don ya rufa mini asiri ya yi. Har yanzu yana ganin nasa ya fi kyau, kuma Umma tana bayansa.

Saboda haka, in kun je Kano kakarku ta nuna muku shuɗin ta ce ga tekun babanku, kada ku yi mata gardama, nata ne, tana son sa. Ku dai ku san wanda yake nawa. In kuma kakanku yana gida, ba sai kun yi bayani ba. Duk baƙon da ya tsaya yana yaba mai kwakwar, Abba yakan bar shi ya gama, sannan ya tashi da ciwon bayansa ya sauko da farin daga ƙusa, ya ce wa baƙon ya biyo shi bakin ƙofa.